Zomo a Turke

A shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kanta, ina sayar da albasa a Kasuwar Ose Okwodu da ke Onitsha, garin da mu Hausawa muke kira Anacha. Albasar tana saukowa ta kogi daga Arewa, mu tare ta a bakin ruwa, mu zube ta a rumfa mu tsince ruɓaɓɓu. Ɗaki biyu na kama a wani gidan haya kusa da masallacin unguwarmu. Mai gidan wata tsohuwa ce Ibo, mai sayar da busasshen kifi. Tsakar gida ɗaya ce, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mu uku ne a ɗakunan nan biyu: ni, da matata, Allah ya jiƙanta, da 'yarmu.

'Yar fari ce. A garinmu, gabas da Wudil, iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari. Ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yaba shi, in ya faɗi ma sai dai wani ya ɗaga shi. Kunyar uwa ta fi ta uba nauyi. Matata takan ce mata "ke", in kuma zancenta take yi da wani ta ce "yarinyar nan". Ni ma haka na tashi na gani, haka na yi. Tsohuwa mai gida ta taɓa jawo ni gefe ta tambaye ni da Turancin kasuwa ko riƙon yarinyar muke yi, don ba ta taɓa jin mun kira ta ba. Na yi mata bayani, ta girgiza kai ta tafi. Har yau da nake rubutun nan hannuna bai saba da sunan ba, ba kuwa zan tilasta shi ba.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani akawun kantin Turawa da matarsa, Kiristoci ne daga kudancin Zariya. Daga Inugu aka yi masa canjin aiki, suka taho da kayansu da zomaye biyu a cikin kwando. Da zomanyar ta haihu, matar akawu ta ba 'yarmu ɗa ɗaya, fari, kunnensa na hagu baƙi. Na samo akwatin sabulu na katako, na buga masa waya a gaba, ya zama keji. Iyakar abin da na yi wa zomon nan ke nan.

Abin da na sani game da shi kaɗan ne. In zan fita da sassafe yana cikin keji. In na dawo da magariba yana cikin keji, kwance, ya miƙe ƙafafu baya kamar wanda ya dawo daga gona. Sai na ɗauka zomo dabba ce mai haƙuri da zama wuri ɗaya.

Cikin daminar shekarar zazzaɓi ya kama yarinyar. Kwana huɗu ta yi. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Matata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta zauna a ƙuryar ɗaki da carbi, mata suna shiga suna fita suna yaba dauriyarta. Tsohuwa mai gida ce ta yi kukan, ta zauna dirshan a bakin rijiya tana ta cewa "ndo, ndo", wato sannu, tana kiran sunan da mu ba mu iya kira.

Tun rana ta biyu zomon ya fara. Ya kama wayar keji da haƙora yana jijjigawa. Ya kifar da gwangwanin ruwansa, na gyara, ya sake kifarwa. Yana buga ƙafafun baya a katako, bam, bam, har masu zaman makoki su waiga su ɗauka sallama ake yi a ƙofa. A rana ta uku, ana tsakiyar addu'a, ya gama cinye gefen katakon ya fito. Kafin a shafa fatiha ya ɓarke bakin tabarma ɗaya, ya kuma tsinke maɗaurin takalmin liman.

Yayana ne ya kama shi. Daga Fatakwal ya zo mana gaisuwa, can yake sayar da shanu, mahauta da masu tsire duk sun san shi. Ya ɗago zomon ta kunnuwa yana dubansa.

"Wa ya ce maka ana tsare irin wannan da akwatin sabulu? Kai fa in ba albasa ba, ba abin da ka sani. Ba ni taɓarya."

Ya fiƙe guntun itace ya buga shi da taɓaryar ya kafa turke a gindin bango, ya ɗaura igiya a ƙafar zomon ta baya, irin ɗaurin da muke yi wa ragon layya.

"Dusa da ɗan kanwa safe da yamma. In ka samu harawa ka ƙara masa. Kada ka sake shi ko sau ɗaya. Dabba ba ta natsuwa sai ta san iyakarta. In na dawo arba'in za ka ga ya yi luƙui."

Ban yi musu ba, domin ni ma abin da na sani ke nan. Mahaifinmu haka yake turke raguna, su ci su kwanta su yi ƙiba, ba su taɓa nuna mana suna son wani abu daban ba.

Zomon bai natsu ba. Ya riƙa zagaya turken, ya zagaya, ya zagaya, har ƙasar wurin ta daɓe ta fitar da zobe. Ya cinye igiyar a kwana biyu. Na sayo mai kauri, ya cinye ta a kwana uku. Daga nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa: na nannaɗe igiyar da siririyar waya har zuwa ƙafarsa. Da ya ga haƙori ba ya cin waya sai ya koma tonon gindin bango, har tsohuwa mai gida ta ce zai kayar mata da gini. Na jera duwatsu a wurin. Sai ya juya kan jikinsa, yana tsige gashin ƙirjinsa da na ƙafafun gaba, iska tana yawo da shi a tsakar gida kamar auduga. Wata safiya na miƙa hannu zan zuba dusa ya yi gurnani ya cije ni a yatsa. Ban san zomo yana gurnani ba sai ranar.

Duk abin da ya yi, ni ƙara abinci nake yi. Na ƙara dusa, na ƙara kanwa, na roƙo harawa wajen masu awaki. Kwanon yana cika, zomon yana ramewa. Wajen kwana talatin sai ya daina komai. Ya juya wa tsakar gida baya, ya sa hanci a bango, ya wuni a haka.

Matata takan wuce ta gabansa in za ta ɗebo ruwa, fuskarta a wani gefen. In tana shara takan kewaye zoben nan ba ta shiga. Ni da ita maganarmu ta koma ta cefane da itacen girki. Ni kuwa kullum kafin in fita sai in tsuguna kusa da shi in riƙa taɓa ƙullin igiya kamar ina dubawa, alhali ƙullin lafiyarsa ƙalau. A gidan nan kaf shi kaɗai ne abin da yarinyar ta ce nata ne. Tufafinta an bayar, allonta an mayar wa malaminsu. Shi ya rage, kuma ina kallo yana tafiya.

Matar akawu ba ta nan duk wannan lokaci. Bayan sadakar uku ta tafi Inugu jinyar ƙanwarta da ta haihu, sai ana saura kwana biyu arba'in ta dawo. Na same ta tsaye a kan zomon, ko ɗaurin kayanta ba ta sauke ba.

"Malam, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce yayana ne ya turke shi, don ya hana mu sakat.

"Rago ne? Ko ƙaho ka ga ya fito masa?"

Na ce ina jin ciwo ne ya kama shi, ko tana da magani.

"Ba ciwon komai. Zaman banza ne da kewa. Dabbar nan in ba ta tona ba, ba ta gaigaya ba, ba ta yi gudu ba, haukacewa take yi. Nawa su biyu ne, suna ɗebe wa juna kewa. Naku kuwa ba shi da kowa sai mai shi, yarinyar."

Na dubi zomon. Can na ce, "Me take yi masa?"

"Ni da nake wuni a kan keken ɗinki a kasuwa, ina zan sani? Wadda ta sani tana cikin ɗakinka. Ka tambaye ta mana."

Ga wanda ba namu ba wannan magana ce mai sauƙi. Na je har bakin ƙofa na ɗaga labule. Tana zaune tana tsince gero. In zan tambaya, dole in ce mata: me 'yarmu take yi in na fita? Shekara tara ba mu taɓa zama mun yi zancenta ba tana raye, ban san ta inda ake farawa ba bayan ba ta. Ta ɗago kai tana jira. Na ce, "Geron zai isa sadakar kuwa?" Ta ce zai isa. Na saki labule.

Na so in kwance shi a ranar. Amma yayana ne ya ɗaura, kuma yana hanya, ban kuma san me zan yi da zomon ba in na kwance.

Ranar arba'in aka yi addu'a, aka raba gumba da ƙosai, jama'a suka watse. Bayan la'asar yayana ya tsuguna ya shafa bayan zomon da tafin hannu, kamar yadda yake taɓa bijimi a kara, kasuwar shanu, kafin ya yi ciniki. Ya ɗaga ƙafar ya ga inda waya ta ci fata.

"Wannan ba zai kai Juma'a ba. A yanka shi kafin ya zama mushe. Gobe da safe, kafin in je tasha."

"Yaya, a ɗan bar shi tukuna."

"A bar shi ya yi me? Ya gama ruɓewa a tsaye? Haƙƙin dabba fa ba wasa ba ne, Allah zai tambaye ka. Ko kana da wani dalili?"

Ina da dalili, amma ba irin wanda ƙane yake faɗa wa yayansa ba ne game da 'yarsa ta fari. Kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. A sana'arsa, dabbar da ta kwanta ana gaggauta mata wuƙa ne don tausayi. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Yaya."

Washegari muka dawo daga sallar asuba gari ya fara haske. An yi yayyafi, tsakar gida a jiƙe. Yayana ya zaro wuƙarsa yana wasa ta a simintin bakin rijiya, ya ce in kamo zomon in riƙe masa ƙafafu. Na tsuguna a bakin turke. Hannuna yana kan bayansa, ina jin bugun zuciyarsa da sauri da sauri, sai na ji motsin labule a bayana.

Matata ce ta fito, lulluɓe da mayafi. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, maganarta da yayana ba ta taɓa wuce gaisuwa daga bayan labule ba. Ta zo har tsakiyar gida ta durƙusa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, ƙanwata. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Yaya, alfarma nake nema. A kwance shi."

Yayana ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Ƙanwata, ba ki ga yadda ya koma ba? Sauƙi za a yi masa."

"Na gani. Kullum ina gani. A kwance shi zuwa hantsi. In bai ci ba, sai a yi abin da Yaya ya ce."

Ya daina wasa wuƙar. Ita da kanta ta warware wayar, a hankali, zomon yana fisga. Ta lakato man kaɗanya ta shafa masa a ciwon. Sannan ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, a jawo abin da ke ƙarƙashin gado."

Na shiga na durƙusa na leƙa. Tsofaffin kwandunan albasa ne guda biyu, irin waɗanda nake yarwa in gindinsu ya mutu, kowanne an huda shi gefe da gefe daidai shigar zomo. Akwai yagaggen buhu. Akwai guntayen reshen gwaiba, duk an gaigaye ɓawonsu. Can ciki kuma wani tsohon daro mai ɓuli, cike da yashin bakin kogi. Kwana arba'in ina kwana a kan kayan nan ban sani ba.

Na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ta kifa kwandunan nesa da juna, ta ajiye daron a gindin bango, ta sa ni na tare ƙofar gida da faifan katako. Ta tsinko ganyen dankali a bayan makewayi, inda tsohuwa mai gida ta shuka, ta tura kaɗan ƙarƙashin kwando, ta cusa kaɗan cikin buhu, ta binne ɗaya a yashi kunnensa a waje. Tana yi tana magana, muryarta ƙasa ƙasa, kamar da kwandunan take yi.

"Mai shi takan sake shi da zarar Malam ya fita. Ba ya son abinci a kwano, sai an ɓoye masa ya nema. Kullum sai ta sauya wa kwandunan wuri, ta ce in ya haddace ba ya jin daɗi. Itacen nan na haƙoransa ne, in babu shi tabarma zai ci. Albasa ko ɓawonta ba a bari ya taɓa. In ya gaji da tono sai ta bi shi da rarrafe, shi kuma ya riƙa kewaya ta."

Ta tsaya nan. Ta gyara mayafinta ta koma bakin ƙofar ɗaki ta zauna.

Zomon bai motsa ba. Yana nan a cikin zobensa, ba igiya, amma bai tsallake ba. Rana ta fito ta taɓa saman bango. Matar akawu ta buɗe ƙofarta, ta ga abin da ake ciki, ta tsaya da buta a hannu. Yayana ya duba sama, na san motar Fatakwal yake tunani.

Baƙin kunnen nan ne ya fara tashi. Sai hancin ya soma rawa. Ya miƙa wuya, ya ja jiki, yana ɗingisa ƙafar nan, ya tsallake zoben. Ya isa kwando na farko ya shinshina, ya goga haɓarsa a bakinsa, ya sake gogawa. Ya shiga ta wannan huda. Muka ji ƙus ƙus a ciki. Da ya fito ta ɗaya hudar akwai ganye a bakinsa, yana jansa ciki kaɗan kaɗan har ya ƙare.

Na ji matar akawu ta ce, "Yauwa, ɗan albarka."

Daga nan ya nufi buhu, ya kama shi da haƙori ya ja, ya tura kai ciki. Bai yi gudu ba, ba shi da ƙarfin gudu. Amma ya kai kansa daron yashi, ya haye da ƙyar, ya zaro ganyen da aka binne, sannan ya sa ƙafafun gaba ya fara tono. Yashin ya riƙa fita ta bayansa yana zuba a kan ƙafafun yayana, wanda ya matso yana kallo.

"Ka ga ɗan banza! Duk mutanen gidan nan ni ya zaɓa. Ya san wa ya zo da wuƙa."

Ya karkaɗe ƙafarsa, ya mayar da wuƙar kube. Sannan ya tsuguna ya girgiza turken ya tuge shi, ya jefa cikin itacen girki.

"Shekara talatin ina cikin dabbobi, ban taɓa jin wadda ake ɓoye wa abinci ba. Ƙanwata, ki yafe mini, ban sani ba."

"Ba komai, Yaya. Allah ya bar zumunci."

"Kai kuma mai albasa, yashin nan ya yi kaɗan. Ga kogi a bakin rumfarka, sai ka ce saye ake yi."

Na raka shi har bakin titi. Bai ƙara cewa komai game da zomo ba, sai da za mu rabu ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Zomon bai warke a rana ɗaya ba. Sai da ya yi wata guda kafin gashin ƙirjinsa ya rufe, ɗingishin kuwa bai rabu da shi ba har ya tsufa. Daga baya matar akawu ta ba mu wata ƙaramar zomanya, muka haɗa su a hankali, ya daina buga ƙafa gaba ɗaya. Amma duk wannan daga baya ne.

A safiyar nan, da na dawo daga rakiya, na tarar ya shige ƙarƙashin kwando ya kwanta, hancinsa kawai ake gani. Matata tana share yashin da ya watsa tana mayarwa cikin daro. Rana ta yi sama, na san abokan rumfa sun daɗe da buɗewa. Na ɗauki hulata na tsaya, ban san me nake jira ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Da la'asar ma ana sake shi, in rana ta yi sanyi. Lokacin ya fi gudu."

Na ce to.

"Amma sai da mutum biyu. Lokacin masu haya suke dawowa, faifan ba ya tsayawa, sai wani ya zauna a ƙofa." Ta ci gaba da shara, tsintsiyar tana bin wurin da babu sauran yashi. "A da ni nake tsare mata ƙofar."

Ban taɓa sanin haka ba. Na tsaya ina kallon bakin ƙofar gidan, inda wani dutse yake, wanda nake tsallakewa kullum.

"In Malam zai iya dawowa da wuri," in ji ta.

Ranar ana idar da sallar la'asar na ja buhu na rufe albasa. Maƙwabcin rumfata ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, ana jirana ne a gida. Na biya ta bakin ruwa na cika kwano da yashi. Da na iso ta riga ta sauya wa kwandunan wuri. Ta durƙusa ta buɗe keji, wanda ta toshe inda ya cinye, ni kuma na zauna a kan dutsen na tsare ƙofa.